Buguwar Tsoho A Ka Ba Ta Da Ƙarama

A cikin 'yan shekarun nan likitocin Amurka da na ƙasashen Turai sun sami wata sabuwar dabara a aikinsu, wato awon jini wanda ke taimaka musu su gane ko mutumin da ya bugu a ka yana bukatar a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa, ko kuwa ana iya sallamarsa ya koma gida. Wanda ya ji wannan labari a Agege ko Idi-Araba a Ikko, ko a Sabo ta Ibadan, ko a Fatakwal, yana iya ɗauka zance ne na manyan asibitoci wanda bai shafe shi ba. Alhali kuwa ya shafe shi ƙwarai da gaske, domin da wuya a sami ɗan Arewa mazaunin Kudu wanda bai baro tsoho ko tsohuwa a gida ba. Ran da tsautsayi ya auka musu, shi ne za a fara nema a waya, kuma abin da ya ce a yi, da kuɗin da ya aika, su ne za su raba gardama tsakanin zuwa asibiti da tsayawa ga man zafi da ruwan ɗumi.

Garin Jere, cikin ƙaramar hukumar Kagarko ta Jihar Kaduna, ya isa misali. Gari ne da ke bakin babbar hanyar Kaduna zuwa Abuja, inda manyan motoci da ƙanana ke zirga-zirga dare da rana, daga nan kuma hanya ta ɓalle zuwa Kagarko da Kwoi har Kafanchan. Samarin wannan yanki da yawa sun tafi neman abinci a birane, sun bar dattawa suna fama da gonakin citta da masara, suna hawa bayan babur zuwa kasuwa ba tare da hular kwano ba, suna ratsa titi da sanda a hannu, suna fita masallaci da asuba ko majami'a da sassafe a kan ƙasa mai santsi lokacin damina. Wani ya zame a makewayi, wata jiri ya ɗebe ta a bakin murhu, wani babur ya kayar da shi a kwana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa tana kashe mutum kimanin 684,000 a kowace shekara, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a cikin mamatan.

Abin da aka saba ji bayan irin wannan faɗuwa shi ne, "Baba ya faɗi, amma ya tashi da kansa, ya yi magana, har ya ci tuwo." Da jin haka sai hankalin ɗa ya kwanta, ya aika da kuɗin magani a kemis, ya koma harkarsa. Wannan kwanciyar hankali ita ce ke jawo hasarar rayuka, kuma dalilin yana cikin yadda jikin ɗan Adam ke sauyawa da shekaru. Ƙwaƙwalwa takan ɗan tsuke idan mutum ya manyanta, sai a sami sarari tsakaninta da ƙoƙon kai, ƙananan jijiyoyin jinin da suka ratsa wannan sarari kuma su miƙe kamar zaren da aka ja. Girgizar da saurayi zai sha ya karkaɗe jikinsa ya wuce tana iya tsinka ɗaya daga cikin waɗannan jijiyoyi a kan tsoho. Da yake akwai sarari, jinin yakan yi ta tsatsafowa a hankali ba tare da wata alama ba, sai ya taru ya fara danne ƙwaƙwalwa sannan ciwo ya bayyana, wani lokaci bayan sa'o'i, wani lokaci bayan makonni.

Bugu da ƙari, tsofaffi da yawa suna shan magungunan tsinka jini, irin su asfirin da wafarin, saboda ciwon zuciya ko don gudun shanyewar ɓarin jiki. Waɗannan magunguna suna da amfaninsu, amma suna hana jini saurin tsayawa idan jijiya ta tsinke. Saboda waɗannan dalilai ne ƙa'idar da likitocin Kanada suka fitar a 2001, wadda asibitoci da yawa na duniya ke bi, ta sanya duk wanda ya kai shekara 65 cikin masu babban haɗari, muddin ya suma ko ya rikice ko ya manta abin da ya faru bayan buguwar.

Kalmar "ƙaramar buguwa" ma tana da ma'ana ta musamman a bakin likita. A 1974 wasu likitoci biyu na birnin Gilasgo, Graham Teasdale da Bryan Jennett, suka tsara ma'aunin da ake gwada hayyacin wanda ya ji rauni a ka, ta hanyar duba buɗe idonsa da maganarsa da motsinsa. Makin yana kamawa daga 3 zuwa 15, kuma wanda ya sami 13 zuwa 15 shi ake cewa rauninsa ƙarami ne. Wannan maki yana bayyana halin da mutum yake ciki ne a sa'ar da aka duba shi. Ba ya faɗin abin da ke gudana a cikin ƙoƙon kai, kuma tsoho yana iya samun cikakken maki 15 alhali jini yana zuba a ciki.

Na'urar da ke iya ganin wannan jini ita ce siti sikan, wadda aka fara gwadawa a kan maras lafiya a birnin Landan a 1971. Sai dai tana da tsada, tana bukatar wutar lantarki tsayayya da ƙwararrun ma'aikata, kuma ba kowane asibiti ke da ita ba. Ga mutumin Jere, neman wannan hoto yakan zama tafiya zuwa Abuja ko Gwagwalada, ko Kaduna, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya, da kuɗin mota, da kuɗin hoto, da abincin mai jinya. A ƙasashen da na'urar ta wadata kuma, an lura cewa kusan tara cikin goma na masu ƙaramar buguwa da aka ɗauki hotonsu ba a ganin komai a ciki. Wannan ya sa masana suka daɗe suna neman wata hanya mai sauƙi ta tace waɗanda ke bukatar hoton daga waɗanda ba sa bukata.

Yadda awon jinin ke aiki ba shi da wuyar fahimta. Akwai wasu sinadarai waɗanda mazauninsu ƙwaƙwalwa, kuma a jinin mai lafiya ɗan kaɗan ake samu. Idan ƙwaƙwalwa ta ji rauni sai su kwararo cikin jini, yawansu ya hau. A 2013 ƙasashen Sikandinebiya suka shigar da awon ɗaya daga cikinsu, mai suna S100B, cikin ƙa'idar aikin likitocinsu, da sharaɗin a ɗebi jinin cikin sa'a 6 da buguwar. A watan Fabrairu na 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da awon wasu biyu, GFAP da UCH-L1, bayan an gwada shi a kan mutum kusan 2,000 waɗanda aka ɗebi jininsu cikin sa'a 12. A cikin waɗanda awon ya ce ba su da matsala, fiye da kashi 99 cikin 100 hoto ya tabbatar ba su da ita. A 2021 kamfanin Abbott ya sami izinin yin awon a wata ƙaramar na'ura da ake riƙewa a hannu, a 2024 kuma aka amince da samfurin da ke aiki da jinin da aka ɗebo kai tsaye a gefen gadon maras lafiya, ya ba da sakamako cikin minti 15, kuma ana iya yinsa har zuwa sa'a 24 bayan rauni.

Ko shakka babu wannan ci gaba ne, kuma ƙasa irin Nijeriya, inda na'urar hoto ke da nisa da mutanen karkara, tana cikin waɗanda ya kamata su fi cin moriyarsa. Likitan da ke babban asibitin Kagarko, idan yana da irin wannan awo, zai iya sanin wanda ya wajaba a sa a mota a nufi Abuja da shi a daren nan, da wanda za a iya kwantarwa a sa masa ido. Iyali kuma za su huta da sayar da akuya ko buhun citta saboda tafiyar da ba ta zama dole ba. Amma akwai iyakoki guda huɗu da ya kamata jama'a su sani tun kafin awon ya zama ruwan dare, don kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa.

Na farko, kuma mafi muhimmanci ga wannan batu, shi ne awon bai cika tace tsofaffi ba. Yawan waɗannan sinadarai a jini yana ƙaruwa da shekaru ko da mutum bai bugu ba, balle idan yana da ruɗewar tsufa ko ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki. Da aka sake nazarin sakamakon wancan gwaji na mutum kusan 2,000, an ga cewa a cikin waɗanda hotonsu ya fito lafiya lau, awon ya wanke fiye da huɗu cikin goma na masu ƙarancin shekaru, amma a cikin waɗanda suka kai 65 bai wanke fiye da kimanin ɗaya cikin takwas ba. Ma'ana, idan awon ya ce tsoho ba shi da matsala, maganarsa abin dogaro ce, amma a mafi yawan tsofaffi cewa zai yi a je a ɗauki hoto. Masana suna ƙoƙarin tsayar da wani ma'auni na dabam domin masu shekaru. Kafin a daidaita a kan haka, ɗan da ke Kudu ya sa a ransa cewa mahaifinsa ya fi kowa kusa da bukatar hoton.

Na biyu, an lura cewa baƙar fata sukan ɗauki sinadarin S100B a jininsu fiye da Turawa tun asali, domin ƙwayoyin da ke ba fata launi su ma suna samar da shi. Karaya ko wani babban rauni a wani sashe na jiki shi ma yana iya ɗaga shi. Saboda haka ma'aunin da aka yanka a Suwidin ko Nowe ba lalle ya dace da manomin Kwoi ba, sai likitocin ƙasar nan sun gwada shi a kan mutanensu.

Na uku, awon yana da wa'adi. Sa'a 6, ko 12, ko 24, gwargwadon irinsa. Tsohon da aka bari a ɗaki kwana uku ana gasa masa kai, ana jiran ɗansa ya karɓi albashi ko ya sayar da kaya, ya riga ya wuce lokacin da awon zai amfane shi. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Na huɗu, awon ranar farko, kai har hoton ranar farko, ba sa kawar da jinin da ke taruwa a hankali daga baya. Abin da ya sami shugaban ƙasar Birazil, Lula da Silva, ya isa ishara. A watan Oktoba na 2024, yana da shekara kusan 79, ya faɗi a makewayin gidansa ya bugu a ƙeya, aka yi masa ɗinki, likitoci suka hana shi tafiyar da ya shirya zuwa taro a Rasha, suka ci gaba da duba shi. Duk da haka, a watan Disamba, bayan kusan wata biyu, ciwon kai ya tsananta masa, aka gano jini ya taru a cikin kansa, aka yi masa tiyatar gaggawa a birnin Sao Paulo, ya kuma warke. Idan shugaban ƙasa mai likitoci a gefensa bai tsira daga wannan ba, ina ga tsohuwar da ke ƙauye a bayan Jere, wadda ba wanda ya ma tuna ta taɓa faɗuwa?

A nan ne aka fi yin kuskure mai ban tausayi. Makonni bayan faɗuwar, sai a ga tsoho ya fara mantuwa, ko yana magana ba kan gado, ko yana jan ƙafa ɗaya, ko barci ya yi masa yawa, ko fitsari yana kufce masa. Sai a ce tsufa ne ya zo, ko a ce iska ce, ko sammu, ko a yanke cewa shanyewar jiki ce wadda ba ta da magani, a koma ga ƙaho da turare. Alhali irin wannan taruwar jini tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi jin magani. Likitan tiyata yakan huda ƙoƙon kai ya zuƙe jinin, kuma sau da yawa mutum yakan dawo cikin hayyacinsa a 'yan kwanaki. Ana yin wannan aiki a manyan asibitocin Abuja da Zariya da Kano da Sakkwato. Abin da ke hana shi amfani shi ne rashin kai maras lafiya da wuri.

To, mene ne ya rataya a wuyan 'yan Arewa mazauna Kudu? Abu na farko shi ne su sauya irin tambayar da suke yi idan an kira su. Tambayar "ya jikin nasa?" amsarta kullum "da sauƙi" ce, domin mutanen gida ba sa son tayar da hankalin wanda ke nesa, tsofaffi kuma sun saba ɓoye ciwo don kada su ɗora wa 'ya'yansu nauyi. Abin da ya kamata a tambaya shi ne: ƙarfe nawa ya faɗi? Ya suma, ko da na ɗan lokaci ne? Yana tuna yadda abin ya faru? Ya yi amai? Waɗanne magunguna yake sha? Idan mutum ya kai shekara 65, ko yana shan maganin tsinka jini, to a kai shi asibiti a ranar, ko da yana cewa lafiyarsa ƙalau, a kuma tafi da kwalayen magungunansa a nuna wa likita. Kada a dakatar da maganin da likita ya rubuta sai da izininsa, kada kuma a sayo masa asfirin ko makamantansa a kemis don ciwon kai.

Abu na biyu, a sami mutum ɗaya tsayayye a gida wanda zai kwana kusa da shi a daren farko da na biyu. Idan aka ga ciwon kai yana ƙaruwa, ko amai ya maimaitu, ko ana tashinsa da ƙyar, ko harshe ya karye, ko hannu ko ƙafa ya yi sanyi, ko jijjiga ta kama shi, ko ruwa ko jini yana fita ta kunne ko hanci, to ba a jiran gari ya waye. Bayan haka a rubuta ranar faɗuwar a ajiye, a ci gaba da lura har wata biyu ko uku, kuma duk likitan da aka je wurinsa a cikin wannan lokaci a gaya masa cewa tsohon ya taɓa buguwa a ka.

Abu na uku ya shafi aljihu. Ƙungiyoyin 'yan gari da ke Ikko da Ibadan da Shagamu da Anacha sun ƙware wajen tara kuɗin biki da na kai gawa gida, kuma wannan zumunci abin yabo ne. Lokaci ya yi da za su ware wani asusu na gaggawa wanda za a iya fitar da kuɗin mota da na hoto daga cikinsa a cikin sa'a ɗaya, mai shi ya biya daga baya. Haka kuma ya kamata kowa ya bincika yadda zai sa iyayensa cikin shirin taimakekeniyar lafiya na Jihar Kaduna. Kuɗin da za a kashe a gyara daɓen makewayi, a kafa abin dafawa, a sa fitila a tsakar gida, a auna idon tsoho da hawan jininsa, bai kai rabin kuɗin tiyata ba. Rigakafi ya fi magani.

Hukuma ita ma tana da nata kason. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar wanda ke bukatar taimakon gaggawa, ta kuma ware wani kaso na asusun kula da lafiya a matakin farko domin irin wannan aiki. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusu domin masu rauni, ciki har da tsofaffi. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince a mayar da asibitin Sir Patrick Yakowa da ke Kafanchan cibiyar lafiya ta tarayya. Duk waɗannan matakai ne masu kyau, amma jama'a za su auna su ne da abin da suka gani a ƙasa. Ya kamata cibiyar ta Kafanchan ta kasance da na'urar siti sikan mai aiki dare da rana, da wutar da ba ta yankewa, da likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ko tsayayyar hanyar tura maras lafiya wurinsa. Ya kamata asibitocin da ke kusa da hanyar Kaduna zuwa Abuja su sami motocin ɗaukar marasa lafiya masu mai a ciki da direba a kusa, ma'aikatan ƙananan asibitoci kuma a ba su rubutacciyar ƙa'ida a kan tsohon da ya bugu a ka.

Game da awon jinin kansa, hanyar da ta dace ita ce Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ɗora wa asibitocin koyarwa, irin na Shika da na Barau Dikko a Kaduna da na Gwagwalada, aikin gwada shi a kan 'yan ƙasar nan, tsofaffi da matasa, a kwatanta sakamakonsa da hoto, a san ma'aunin da ya dace da su da kuma abin da zai ci na kuɗi. Idan ya tabbata yana da amfani, a fara kai shi asibitocin da ba su da na'urar hoto, domin a can ne ya fi daraja. A kuma sa ido kada 'yan kasuwa su mayar da shi wata hanyar tatsar talaka, ana karɓar kuɗi ana ce wa mutane an wanke musu ƙwaƙwalwa. Awon da zai ce a je a ɗauki hoto ba shi da amfani idan babu motar zuwa, babu kuma na'urar da za a tarar.

Kafin duk waɗannan su samu, akwai abin da ke hannun kowa tun yau. Tsohon da ya kai shekara 65 ya bugu a ka, likita ne kaɗai ke da ikon cewa buguwar ƙarama ce, kuma a ranar ya kamata ya gan shi. Iyayen da suka yi ɗawainiyar 'ya'yansu har suka kai su inda suke neman abinci a yau sun cancanci a kashe musu kuɗin mota ɗaya, ko da daga baya ya zamana babu komai. Da-na-sani ƙeya ce. Allah Ya ƙara wa dattawan ƙasa lafiya, Ya kuma ba 'ya'yansu ikon sauke nauyin da ke kansu.